Augie Da Gulbin Rima: A Koya Wa Jama'a Hanyar Tsira Tun Ruwa Yana Nesa

Duk wanda ya san kwarin Rima ya san cewa arzikin Augie da Argungu da Birnin Kebbi a fadama yake. Shinkafar da ta ɗaga sunan Jihar Kebbi, kifin da ake baje kolinsa a Matan Fada lokacin bikin kamun kifi na Argungu, albasa da tattasan noman rani, ciyawar da shanu ke kiwo bayan girbi, duk albarkacin gulbi ne. Gulbin nan dai shi ne kan cika ya batse a watan Agusta ko Satumba, ya shanye gona, ya jiƙe gindin katanga har ta zube, ya tafi da rumbu da abin da ke cikinsa. Shekara da shekaru muna ganin haka, amma har yau shirinmu bai wuce na bayan aukuwa ba: a zo jaje, a raba buhunan abinci da tabarmi da bargo, a yi alƙawari, a watse sai wata damina. Ni a ganina abin da ya fi ƙaranci a garuruwanmu na bakin gulbi shi ne ilimin tsira, wato kowane gida ya san alamar haɗari, ya san wanda zai sanar da shi, ya san inda zai nufa da abin da zai ɗauka.

Akwai waɗanda suka riga mu koyon wannan darasi, kuma da tsada suka saye shi. Su ne masu zama a gindin duwatsu masu aman wuta. Miliyoyin mutane a Indonesiya da Filifin da Japan da Italiya da Kwango suna noma a jikin irin waɗannan duwatsu, domin tokar da dutsen ya amayar takan rikiɗe ta zama ƙasa mai albarka, kamar yadda lakar da gulbi ya bari take ciyar da fadamarmu. Babu gwamnatin da ta iya raba su da wuraren baki ɗaya, haka nan babu mai iya raba Bakabe da fadama. Ƙasashen da suka rage asarar rayuka sun yi hakan ne ta hanyar koya wa jama'a yadda ake zama da haɗarin.

A ranar 13 ga Nuwamba 1985 dutsen Nevado del Ruiz na ƙasar Kolombiya ya yi aman wuta. Aman bai kai wani na a zo a gani ba, amma zafinsa ya narkar da ƙanƙarar da ke saman dutsen, ruwan ya cakuɗe da toka da duwatsu ya zama taɓo mai gudu, ya biyo kwarin kogi. Garin Armero yana da nisan kusan kilomita 50 daga dutsen, kuma sai da taɓon ya shafe sama da awa biyu kafin ya iso. Cikin mutum kusan 29,000 da ke garin, sama da 20,000 suka rasu a dare guda. Babban abin takaicin shi ne tun watan Oktoba masana suka zana taswirar haɗari, suka nuna cewa Armero tana kan hanyar taɓon. Taswirar ta tsaya a ofisoshi da shafukan jarida. Da toka ta fara zuba a garin da yammacin ranar, abin da jama'a suka ji shi ne su kwantar da hankali su zauna a gida. Awa biyu sun ishi mutum ya taka zuwa tudu, in da an taɓa gaya masa cewa tudu zai nufa.

A 1991 dutsen Pinatubo na Filifin ya farka bayan ƙarnuka yana kwance. Mutanen yankin ba su taɓa ganin amansa ba, da yawansu ma ba su yarda zai yi ba. Masanan ƙasar da takwarorinsu na Amurka suka tsara matakan gargaɗi guda biyar masu sauƙin ganewa, suka riƙa nuna wa shugabanni da jama'a faifan bidiyo na ɓarnar da aman wuta ya yi a wasu ƙasashe. Kafin babban aman na 15 ga Yuni an kwashe dubun dubatar mutane. Aman yana cikin mafi girma a ƙarni na 20, ya fi na Kolombiya nesa ba kusa ba, amma waɗanda suka rasu ba su kai 1,000 ba, kuma masana sun ƙiyasta cewa kwashe jama'ar ya ceci rai aƙalla 5,000. A wuraren biyu masana sun san abin da ke tafe. A ɗaya sanin ya isa kunnen talaka ya kuma zauna a zuciyarsa, a ɗayan bai isa ba.

Lamarin kuma ba na can nesa ba ne kawai. A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Nyos, wanda ke cikin ramin wani tsohon dutse mai aman wuta a arewa maso yammacin Kamaru kusa da iyakarmu, ya saki iska mai shaƙe numfashi da ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kusan 3,500, cikinsu har da Fulani makiyaya da garkunansu. Iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, don haka kwari ta bi, waɗanda ke saman tudu suka fi tsira. Tsoron ɓallewar bakin wannan tafki yana cikin dalilan da suka sa Najeriya ta gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba.

Mu a Kebbi ba mu da dutse mai aman wuta, gulbi muke da shi, kuma ruwan da ke wucewa ta Augie daga nesa yake tasowa. Akwai na Gulbin Maraɗi, wanda ya faro daga ƙasar Katsina ya ratsa Jamhuriyar Nijar ya dawo. Akwai na Bunsuru da Gagare. Duk suna taruwa a Rima, a bayan madatsar Goronyo da aka kammala a 1984, mai ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 942. Akwai kuma na Gulbin Sakkwato da ya biyo ta madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, wadda aka kammala a 1978. A kusa da birnin Sakkwato suke haɗuwa, su gangaro ta Silame su shigo Augie, su wuce Argungu da Birnin Kebbi har su faɗa kogin Neja. Shi ya sa ambaliya kan iso mana sama tas babu hadari, saboda ruwan da aka yi a Zamfara ko Maraɗi. Shi ya sa kuma ruwan yake kwanaki a hanya kafin ya iso. Mutanen Armero awa biyu suka samu. Mu kwanaki Allah yake ba mu, kuma mafi yawan lokuta a banza suke wucewa.

Kafin a gina madatsun nan, cikar gulbi tana da lokacinta da iyakarta da kowa ya sani. Kakanninmu suna shuka shinkafar gargajiya mai tsawon kara wadda ke bin ruwa tana tashi, suna kafa gari a tudu. Da aka tare ruwa, cikar ta ragu a yawancin shekaru, jama'a suka ƙaru, gidaje da gonaki suka gangara wuraren da a da ba a kwana. Irin shinkafar zamani gajere ne, ba ya jure nutsewa na tsawon kwanaki. Yaron da aka haifa bayan madatsa ya tashi bai san ainihin iyakar gulbi ba, sai ranar da madatsa ta cika aka buɗe ƙofofinta.

Mun ga wannan ranar ba sau ɗaya ba. A Satumba 2010 ruwan da ya kwararo daga Goronyo ya cinye ƙauyuka a Jihar Sakkwato, ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya gangaro fadamun Kebbi. A 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Najeriya, ta raba sama da miliyan 2 da muhallinsu. A 2020 an ba da rahoton cewa ruwa ya shanye kimanin hekta 450,000 na shinkafa a Kebbi kaɗai, shekara biyar kacal bayan ƙaddamar da shirin bai wa manoma rancen noman shinkafa a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, wato manomi ya rasa amfanin gona ga kuma bashi a wuya. A 2022 sama da mutum 600 suka rasu a ƙasar. A 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri, a 29 ga Mayu 2025 kuma ruwa ya afka wa Mokwa da asuba ya kashe sama da mutum 150. Wanda ya ga wannan jerin ya san ba za a daina ba.

Ba za a ce babu hukumomi ba. NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, a 'yan shekarun nan ma har da Hausa, kuma ta cancanci yabo a kan haka. NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya tare da sunayen jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ga NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, da aka kafa a 1999, ga hukumar agajin gaggawa ta jiha, ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima mai kula da madatsun. Inda igiyar ke tsinkewa shi ne tsakanin sakatariyar ƙaramar hukuma da ƙofar gida. Sanarwar da ta ce mazauna bakin kogi su ƙaura zuwa tudu ba ta amsa tambayoyin magidanci a Bayawa ko Tiggi ko Bubuce ba. Yaushe zan tashi? Wane tudu, kuma gidan wa? Wa zai ɗauki tsohuwata da ba ta iya tafiya? Shanuna fa, da rumbuna? In na bar gida wa zai tsare mini shi? Wanda ba a amsa masa waɗannan ba zai zauna, kuma zamansa ba taurin kai ba ne, lissafi ya yi da abin da ya sani.

Matakin farko shi ne kowane gari ya san haɗarinsa da idonsa. Dattawan da suka ga ruwan 2010 da na 2020 suna nan da ransu. A zaunar da su da matasa su nuna inda ruwa ya tsaya, a shafa alama a jikin masallaci da makaranta, a zana taswirar gari da hannu: unguwar da ke fara nutsewa, hanyar da ke fara yankewa, gidajen da ke da tsofaffi da masu juna biyu da naƙasassu. A kafa ginshiƙin auna ruwa a bakin gulbi mai launi uku, kore da rawaya da ja, a yi ittifaƙi tun rani a kan abin da za a yi a kowane launi. In ruwa ya taɓa rawaya a kwashe hatsi da dabbobi da takardu, in ya taɓa ja a fitar da mutane. Fenti da siminti ne kawai kuɗinsa, kuma wanda bai yi boko ba ma yana karanta launi.

Na biyu shi ne sanin bakin da jama'a ke yarda da shi. A aman dutsen Merapi na Indonesiya a 2010, wanda ya kashe mutum sama da 350, akwai wani dattijo mai suna Mbah Maridjan da fadar Sarkin Yogyakarta ta naɗa mai kula da dutsen bisa al'ada. Ya ƙi barin gidansa, ya rasu a ranar 26 ga Oktoba tare da wasu mutanen ƙauyensa. Jama'a suna kallon wanda suka amince da shi ne kafin su motsa. Mu ma muna da namu: Sarkin Ruwa da masunta da suka san halin gulbi daga launin ruwa da irin tarkacen da yake ɗaukowa, da uwayen ƙasa da hakimai da masu unguwanni, da limamai. Masarautar Argungu, wadda ta riƙe bikin kamun kifi tun 1934 har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, ta iya tara jama'a a bakin ruwa cikin tsari. Kamata ya yi a rubuta, a sa hannu, cewa duk lokacin da za a buɗe ƙofofin Goronyo ko Bakolori, saƙo zai tafi kai tsaye zuwa fada da kowane uban ƙasa, daga nan zuwa lasifikar masallaci da mai shela da gidajen rediyo, da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci. Kada a manta da mata. Sau da yawa ruwa yana zuwa maigida yana gona ko kasuwa, uwargida ce da yara a gida. Ta bakin ungozoma da malaman Islamiyya mata saƙon zai shiga cikin gida, kuma tun rani ya kamata maigida ya ba iyalinsa izinin fita in an yi shela ba ya nan.

Na uku shi ne masauki. Bayan aman dutsen a 2010, hukumomin gundumar Magelang da ke gindin Merapi sun ƙulla zumunci tsakanin ƙauyuka: kowane ƙauyen da ke cikin haɗari yana da ƙauyen da zai karɓe shi, an san hanya, an san masauki, har da wurin ɗaure dabbobi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Garuruwan fadama da na tudu a ƙasar Augie da Argungu suna da auratayya da wasan taubasantaka tun kaka da kakanni. Abin da ya rage shi ne a zauna gaban hakimai a tsara: wannan unguwa gidajen wane da wane za ta sauka, shanu ga makiyayarsu, hatsi ga ma'ajiyarsa da shaidu, ga matasan da za su yi sintiri da kwale-kwale don tsare gidajen da aka bari. Hakan ya fi cusa iyalai a azuzuwan firamare na tsawon makonni, karatu ya tsaya, cuta ta yaɗu.

Na huɗu shi ne yara. A birnin Kagoshima na Japan, yaran da ke zaune a gindin dutsen Sakurajima da hular kwano suke tafiya makaranta, kuma duk shekara ana atisayen kwashe jama'a don tunawa da babban aman 1914. Yaron da ya tashi da haka ba ya ruɗewa ranar da abin ya zo. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu ita ke yaye da yawa daga malaman firamaren yankin nan. Babu abin da zai hana ta koya wa kowane ɗalibinta darasin ambaliya, shi kuma ya kai aji: cewa ruwa mai gudu ko bai kai gwiwa ba yana kayar da babban mutum, cewa ba a kwana a ɗakin ƙasa da gindinsa ya sha ruwa, cewa ba a shan ruwan rijiyar da ambaliya ta shiga sai an tafasa, cewa macizai ma tudu suke nema, cewa ruwan gishiri da sukari yana ceton mai gudawa kafin a kai asibiti. A kai darasin makarantun allo da na Islamiyya, domin almajirai ne suka fi yawan wanka da wanki a bakin gulbi. Masunta su koya wa yara iyo da riƙon gora. Sannan sau ɗaya a shekara, kafin damina ta kankama, gari ya yi gwaji: a yi shela, kowa ya bi hanyarsa zuwa masaukinsa, a ga inda aka yi tuntuɓe a gyara. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

A cikin wannan darasi dole a sa maganar kwale-kwale, domin lokacin ambaliya shi ne motar kowa. Ba mu manta da haɗarin Warrah a Ƙaramar Hukumar Ngaski a watan Mayu 2021 ba, inda jirgin da aka maƙare da mutum sama da 150 ya nutse, aka ceto kaɗan daga cikinsu. Ranar gudun ruwa kowa yana son ya shiga jirgin farko. In ba a riga an koya wa matuƙa da fasinja iyakar lodi da sa rigar ruwa ba, gudun tsira da kansa zai iya zama sanadin asara.

Wani zai ce duk abin da Allah ya ƙaddara sai ya faru. Haƙiƙa haka ne, kuma babu Musulmin da ke jayayya da shi. Amma addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ya koya mana riƙo da sababi. Annabi Nuhu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sassaƙa jirgi tun ƙasa tana bushe. Annabi Yusuf ya tara hatsi a shekarun wadata saboda shekarun fari. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba. Ina roƙon malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, su ware huɗuba ɗaya ko biyu a farkon damina su bayyana wa jama'a cewa fita daga gidan da ruwa ke shirin ci kiyaye amanar rai ne.

Wani kuma zai ce wa'azi ba ya tare ruwa, a yashe gulbi, a gina ganuwa, a gyara madatsu. Ina tare da shi, kuma haƙƙi ne a kan gwamnati da bai kamata a daina nema ba. Sai dai waɗannan ayyuka na biliyoyin naira ne da shekaru, damina kuwa ba ta jiran kasafin kuɗi. Japan ma da duk arzikinta da gine-ginenta ba ta daina atisaye ba. Akwai kuma fargabar a yi shela ruwa bai zo ba, gobe a ƙi saurare. Maganin wannan shi ne gaskiya tun farko: a gaya wa jama'a cewa hasashe ne, wani lokaci za a tashi ruwa ya tsaya a rawaya, kuma wahalar kwana uku a gidan dangi ba ta kai ta binne yaro ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2027 a matsayin shekarar da take son kowane ɗan Adam ya kasance gargaɗin bala'i yana isa gare shi da wuri. Ko an cim ma wannan a duniya ko ba a cim ma ba, Augie tana iya cim ma nata. Shugaban ƙaramar hukuma da kansiloli su ware kuɗin ginshiƙan auna ruwa da rigunan ruwa a kasafin bana. Masarauta ta kira uwayen ƙasa da Sarakunan Ruwa ta raba musu aiki. Hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha ta ba malamai darasi a rubuce da Hausa. 'Yan majalisarmu su matsa a wajabta wa masu kula da madatsu sanar da garuruwan da ke ƙasa da su cikin lokaci. A fara da mazaɓa ɗaya a wannan rani, a ga abin da ya yi aiki, a faɗaɗa zuwa Argungu da Birnin Kebbi da Bunza. Nasarar shugaba a wannan fage ita ce shekarar da gulbi ya cika ya batse, aka ƙirga mutanen gari aka same su cif. Allah ya kiyaye mana rayuka da dukiyoyi, ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace a kan lokaci.